Golf ɗin Marigayi: Kundin Neman Ciwon Injin Gas

Asabar, 9 ga Disamba, 2023

Daga yau duk abin da na taɓa a motar nan zan rubuta shi da ranar da na taɓa shi, domin na gaji da kashe kuɗi a kan "wataƙila". Golf 4 ce doguwa, ƙirar 2001, mai injin gas 1.9 TDI, irin wanda Volkswagen ke kira ALH, mai ƙarfin doki 90. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya sayo ta ta Kwatano a 2012, ya yi shekara goma yana zirga-zirga da ita tsakanin Kano da Zariya. Da aka raba gado ta faɗo hannuna. Mitarta yau tana nuna kilomita 287,400.

Ciwonta uku ne. Da safe sai kik ya yi ta juyawa kafin ta tashi, in ta tashi kuma farin hayaƙi ya turnuƙe ƙofar gida har maƙwabta su leƙo. Na biyu ya fi tayar mini da hankali: ina kan hanya na taka totur zan wuce tirela, sai ƙarfi ya ɗauke kamar an riƙe ta ta baya. Ba ta mutuwa, amma ba za ta wuce 80 ba sai na tsaya na kashe na sake tayarwa. Ya faru da ni a Kwanar Ɗangora da iyali a ciki, ga wata babbar mota tana tahowa. Na uku kuwa sau biyu kacal ya faru: ta mutu murus a tsaye, bayan minti biyar ta tashi kamar ba ita ba.

Kanikawa biyu sun duba, bakinsu ya zo ɗaya, wai a sauke injekta a kai wa masu buɗewa. A gareji famfon gas ɗin gaba ɗaya ake kira injekta. Na wannan motar Bosch VP37 ne, kwamfuta ce ke sarrafa shi, kuma wanda ya buɗe shi ba da sani ba ya gama da shi. Na ce a dakata. A watan jiya ma wani mai ƙaramar na'ura ya karanta mini lambar matsala ɗaya daga kwamfutar motar ya ce sensar matsin iska ce. Na saya a Ƙofar Ruwa, aka ɗaura, babu abin da ya canza. Kuɗin nan har yanzu yana yi mini ciwo.

Yau wayar da na yi oda ta iso, irin mai suna KKL, wadda ake haɗa bakin OBD na motar, wato soket ɗin karanta kwamfutarta, da kwamfutar tafi-da-gidanka. Na sa manhajar VCDS-Lite.

Lahadi, 10 ga Disamba

Sai da ƙanena ya zo ya daidaita mini tashar da wayar ke magana ta cikinta sannan kwamfutar motar ta amsa. Lambobi uku na tarar:

17965, matsin iskar tobo, wato na'urar da ke cusa wa injin iska, ya zarce abin da aka nema.
16485, saƙon sensar iska, mai auna yawan iskar da ke shiga, bai yi daidai da hankali ba.
17656, lokacin fesa gas ya kauce daga abin da aka nema.

Na kwafe su a takarda sannan na goge. Ƙanena ya ce, "Yaya, ai shi ke nan, a sayi abu uku a huta." Na nuna masa tsohuwar sensar da na cire a banza. Lamba ta farko ba ta ce sensa ta lalace ba. Ta ce iska ta yi yawa, kuma sensar ce ma ta kai rahoton. Wanda ya zo ya ce gida na ci da wuta, ba shi ake zuba wa ruwa ba.

Wani abin lura: babu lamba ko ɗaya da ta shafi wahalar tashi da safe, babu kuma wadda ta shafi mutuwar nan ta farat ɗaya.

Laraba, 13 ga Disamba

Bayan sallar asuba, kafin in tayar da ita, na buɗe makulli kawai na shiga rukuni na 007 na manhajar, inda ake ganin zafin gas, zafin iskar da ke shiga, da zafin ruwa. Motar ta kwana a waje cikin hunturu, don haka ya kamata ukun su yi kusa da juna. Gas 17, iska 16, ruwa 46.

Na daɗe ina kallon lambar nan. Injin da ya kwana, awa goma sha ɗaya bai motsa ba, in ka taɓa shi sanyi ƙalau, amma kwamfuta tana ganin ya ɗumama. To da wannan lissafin take auna gas ɗin tayarwa da lokacin fesa shi. Tana ba injin mai sanyi abincin injin mai zafi, dole ya yi ta jan ƙafa, gas ɗin da bai ƙone ba kuma shi ne farin hayaƙin. Ba ta rubuta lamba ba saboda digiri 46 ba abin mamaki ba ne a wurinta. Waya ba ta tsinke ba, ba ta haɗu da wata ba, sensar ƙarya kawai take yi cikin natsuwa.

Sensar ita ce G62, tana gefen kan injin ta wajen giyabos, ƙafarta huɗu. Sensa biyu ne a jiki ɗaya: ɗaya tana kai wa kwamfuta, ɗaya tana kai wa allurar dashbod. Shi ya sa allura ba ta taɓa tona asirin ba. Na zare soket na auna da mita. A sanyin safiyar nan ya kamata in ga abin da ya kusa om 2,500 zuwa 3,000. Ɓangaren kwamfuta ya ba ni 950. Baƙa ce, tsohon yayi, kuma an san baƙaƙen da wannan hali, shi ya sa aka maye gurbinsu da koriya mai lamba 059 919 501 A.

Tun bara ake ce mini in canza hita, wato filogogin da ke ɗumama silinda kafin tayarwa. Na bincika na gane cewa a wannan injin kwamfuta ba ta ɗumama hita kafin tayarwa sai ruwa ya sauka ƙasa da kusan digiri 9. A Kano safiya nawa ke kaiwa nan a shekara? Da na canza su huɗun da na sake asara.

Asabar, 16 ga Disamba

Na sa koriyar da sabuwar zoben robarta. Aikin minti goma ne in injin yana sanyi: a buɗe murfin tankin ruwa a saki iska a mayar, a zare ƙugiyar roba, a cire tsohuwa a cusa sabuwa da sauri. Ruwa kaɗan ya zube. Tsohuwar zoben ta maƙale a ciki, sai da na lalubo ta da yatsa.

Na ɗauki hanyar Wudil don in ga zafin gaskiya, ƙanena na gefe da kwamfuta a cinya. Tafiyar minti ashirin da biyar, ruwa bai wuce 66 ba. Da muka saki totur ma sai ya sauko 61.

Na wuce garejin Baba, dattijon da ya riƙa duba wa mahaifina motar tun zuwanta. Na tambaye shi ko akwai tamostat a ciki, wato bawul ɗin da ke hana ruwa zuwa lagireto sai injin ya yi zafi. Ya ce, "Ɗana, ai ranar da ta zo muka cire. Wannan na ƙasar ƙanƙara ne. Nan zafi gare mu." Fankar lagireto ma an haɗa ta kai tsaye, da an buɗe makulli take juyawa.

Ba na ganin laifinsa, haka kowa ke yi, kuma da niyyar kare injin ake yi. Amma ban yarda da hujjar ba, na kuma faɗa masa cikin ladabi. Tamostat ɗin injin nan a digiri 87 yake buɗewa, an ƙera injin ya yi aiki a kusan 90. Zafin Kano a watan Afrilu, komai tsananinsa, arba'in da 'yan kai ne. Ko da rani injin yana bukatar ya hau sama da zafin gari da nisa. Injin gas kuma ba ya tara zafi da sauri kamar na fetur, in ka bar ruwa yana zagaya lagireto tun daga tashi, ba zai taɓa kaiwa ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan motar nan tana tafiya da sanyin jiki. Na fara zargin nan ne tushen sauran matsalolin, domin gas ɗin da bai ƙone sarai ba baƙin toka yake zama, tokar kuma dole ta sami inda za ta zauna.

Baba ya yi shiru, sannan ya ce, "To ka kawo, mu mayar. In ta tafasa kai ka sani." Na ce na ɗauka.

Lahadi, 17 ga Disamba

Bugu ɗaya ta tashi. Hayaƙin bai kai na tiren shayi ba. Uwargida ta leƙo ta ce, "Yau ba mu ji ku ba."

Asabar, 23 ga Disamba

An mayar da tamostat, an warware haɗin fanka aka mayar da ita kan sensarta. Mun wanke lagireto, muka zuba ruwan sanyaya injin mai launin hoda maimakon ruwan famfo da ya bar tsatsa a tanki. Yanzu tana hawa 88 zuwa 91 ta tsaya. A cunkoson Kantin Kwari na tsaya da gangan na ji fanka ta tashi da kanta ta kuma kashe da kanta. Na kira Baba na gaya masa. Ya ce mu jira Afrilu.

Da yamma muka koma kan ɗaukewar ƙarfi. A kan hanyar Zariya bayan Kura akwai miƙaƙƙen wuri. Giya ta uku, daga juyi 1,500 a minti, na take totur har ƙasa zuwa 3,500, ƙanena yana naɗar rukuni na 011, wanda ke nuna matsin da kwamfuta ke nema da wanda take samu. Ta nemi miliba 1,950. Ta samu 2,350, kuma maimakon ya sauko sai ya tsaya a can. Bayan 'yan daƙiƙoƙi ƙarfi ya ɗauke, lamba 17965 ta dawo. Ashe kwamfutar ce da kanta ke janye tobo don kada injin ya illata, ba ta sakewa sai an kashe makulli.

Don in wanke sensar matsin daga zargi gaba ɗaya, na kashe injin na duba rukuni na 010. Sensar da ke cikin kwamfuta tana auna iskar sarari, ta ce 958. Ta bututu ta ce 961. Kano tana sama da teku da kusan mita 480, don haka lambobin sun dace. Na mayar da tsohuwar da na ajiye, ita ma 960 ta ce. Lafiyarta ƙalau aka cire ta.

Sai rukuni na 003, na iskar da ke shiga. A cikakken totur a juyi 3,000 ya kamata a ga miligiram 800 zuwa 850 a kowane bugu. Na ga 470. Na zare soket ɗin sensar iska na sake gwadawa, domin in an cire ta kwamfuta tana amfani da wata tsayayyiyar lamba da ta ajiye. Motar ta ɗan fi kuzari. Alama ce sensar ta gaji, amma ban saya ba tukuna. In bututu a toshe yake, ko sabuwar sensa ƙaramar lamba za ta bayar.

Talata, 26 ga Disamba

Ranar hutu, na wuni a garejin Baba. Muka fara da matatar iska. Ƙurar hunturu ta cika ta, gefe ɗaya kuma robar ta rabu, ga ja-jan ƙura a bayanta inda bai kamata a ga komai ba. Yara masu wanki sun saba busa ta da iskar falkanaiza su mayar, busawar ce ke yaga takardar. Ƙurar da ta wuce nan kan sensar iska take sauka kai tsaye. Cikin sensar akwai wani siririn fim da ake ɗumamawa, iska tana sanyaya shi, da haka ake gane yawanta. In ƙura da maiƙo suka lulluɓe shi sai ya riƙa ba da rahoton iska kaɗan, kwamfuta kuma ta rage gas daidai da rahoton.

Daga nan muka cire bawul ɗin EGR, wanda ke mayar da wani kaso na hayaƙi cikin injin. Abin da na gani ya wuce yadda na zata. Bututun da ya kamata ya ɗauki yatsu uku a jere, babban yatsana kaɗai ke shiga. Hayaƙi ya haɗu da tururin baƙin mai da ke fitowa daga murfin kan injin, suka zama wani baƙin kwaɓi kamar kwalta, wani wurin ya bushe ya yi tauri. Baba ya riƙe haɓa ya ce bai taɓa buɗe nan ba.

Muka sauke manifol ɗin, wato bututun da ke raba wa silinda iska, gaba ɗaya. A kan injin ba a kankare shi, domin gutsure ɗaya in ya faɗa silinda zai iya lanƙwasa bawul. Yaran Baba suka ce a cinna masa wuta kamar yadda ake wa salansar babur. Na hana, alminiyam ne, ina tsoron ya karkace. Muka jiƙa shi a kananzir, muka yi ta kankara da waya da tsohuwar sukudireba har la'asar. Abin da ya fito ya cika gwangwanin madara biyu da rabi. Ramukan kan injin kuma ɗaya bayan ɗaya muka share su, muna juya injin da hannu har bawul ɗin ramin ya rufe, muna zuƙe tarkacen.

Bayan an haɗa, iska ta hau 610. An samu ci gaba, amma da saura. Yanzu na tabbata sensar ma da nata laifin.

Asabar, 6 ga Janairu, 2024

Sensar iska iri uku aka nuna mini a kasuwa: sabuwa mai araha marar suna, 'yar Beljiyam da aka ciro daga wata motar, da Bosch a kwali. 'Yar Beljiyam ɗin shekarunta ɗaya da tawa, ba ni da hanyar sanin ba ta gaji ba. Mai shagon ya yarda in gwada a ƙofar shago. Marar sunan ta sa sulo yana rawa, lambar tana tsalle. Na ɗauki Bosch ɗin, na haɗa da sabuwar matata. A hanyar Kura ta ba ni 835. Lamba 16485 ba ta dawo ba.

Amma da iska ta wadata sai tobo ya ƙara haukacewa, ƙarfi ya ɗauke sau biyu a tafiya ɗaya. Na yi tsammanin haka.

Tobon injin nan Garrett ne mai fukafukai masu motsi a ɓangaren hayaƙi. Ba shi da ƙofar sakin hayaƙi irin ta tsofaffin tobo. In ana son matsi, bawul ɗin N75 yana tura zuƙar iska zuwa wani ɗan gwangwani, gwangwanin ya ja sanda, fukafukan su tsuke, hayaƙi ya ƙara gudu. In matsi ya isa sai a saki zuƙar, sifirin ya mayar da sandar, fukafukan su buɗe. Da tiyo ne ya fashe, matsi kasawa zai yi, lambar kuma 17964 za ta zama. Tawa yawa take yi, wato an tsuke an kasa buɗewa.

Na auna N75, om 16, cikin ƙa'ida. Tiyoyin zuƙa sun tsufa, zaren jikinsu ya zube, na canza su duka tunda ba su da tsada, ɗaya bayan ɗaya don kada in rikita hanyarsu. Sannan na ari famfon zuƙa na hannu mai geji, na shiga ƙarƙashin mota. Ya kamata sandar ta fara motsi tun wajen inci 3 zuwa 5 a geji, ta tafi sumul, ta kai maƙura a kusan 18. Tawa ba ta motsa ba sai a 9, ta yi tsalle, ta tsaya, ta sake tsalle. Da na saki, sai ta tsaya a rabi, sai da na taɓa ta da yatsa ta koma.

Ga inda tokar shekara goma sha ɗaya ta zauna.

Lahadi, 14 ga Janairu

Jiya da yau a kan tobo. A ALH haɗe yake da manifol ɗin hayaƙi, tare suke sauka. Notuna biyu sun ci tsatsa, muka kwana muna jiƙa su. Raba tsakiyar tobon da gidan hayaƙi ya ɗauki awa biyu, ana bugawa a hankali ana zagayawa, domin in ya fito a karkace farfelar za ta taɓa bango. Kafin a cire komai na ɗauki hoto da waya, na kuma yi alama a zoben da ke juya fukafukan.

Zoben ya kafe da toka da tsatsa. Muka goge shi da burushin waya da takarda mai laushi har kowane fiffike yana juyawa da ɗan yatsa. Babu maiƙo da aka shafa, zafin wurin zai ƙone shi ya zama wata tokar. Wani yaro ya kai hannu zai kwance ƙaramin sukurun da ke tsayar da sandar, na riƙe hannunsa. A masana'anta aka daidaita shi, in ya gusa babu mai mayar da shi da ido. Sandar farfela ba ta da wasa gaba da baya, gefe kuma kaɗan ne, don haka tobon zai ƙara rayuwa. Kafin a tayar na ɗura baƙin mai a bakin shigarsa.

Gwajin Kura: ta nemi 1,950, ya ɗan haura 2,080 na ƙiftawar ido, ya dawo ya kwanta a kan layi. Sau biyar na maimaita. Na wuce tirela biyu a jere a giya ta huɗu, ƙafata a ƙasa, zuciyata tana jiran abin nan ya faru. Bai faru ba. Na tsaya a gefen hanya na yi hamdala. Haka motar take lokacin da mahaifina ke ɗauko mu daga makaranta, na manta tana da wannan ƙarfin.

Laraba, 17 ga Janairu

Fitilar hita ta fara ƙiftawa a hanya. Lamba 16955, makunnin burki. Fitilun burki ma ba sa kamawa, ban san tun yaushe ba. An canza.

Asabar, 27 ga Janairu

Lamba 17656 ta dawo sau biyu a makon nan, duka a babban gudu. Ita ce lambar da ta sa aka ce a buɗe injekta, don haka na bi ta a hankali.

Kwamfuta tana sanin lokacin da aka fesa gas ta hanyar sensa G80 da ke cikin nozul, wato bakin fesa gas, na silinda ta uku, tana kwatanta shi da sensar juyin injin, G28. Na auna ta nozul, om 102, ƙa'idarta 80 zuwa 120. Ta juyin injin 1,180. Duka lafiya. A rukuni na 004 kuwa, abin da ake nema da abin da ake samu suna tafiya tare a sulo, amma in juyi ya hau sai na zahirin ya riƙa biyo baya.

Abin da ke gusar da lokacin fesawa a famfon nan matsin gas ɗin da ke cikinsa ne. In gas bai isa ba, ko ya zo da iska, matsin ba zai samu ba. Na duba farin tiyon da ke tsakanin matata da famfo, ƙanena ya ba ta wuta. Kumfa ce ke wucewa jere kamar carbi. Matatar gas ɗin ban san shekarunta ba. Na kwance magudanar ƙasanta a kwalba: ruwa ya kwanta a ƙasa kusan yatsa ɗaya, sama kuma gas mai duhu da ƙanshin kananzir. Na tuna lokacin da lita ta haura naira dubu na sayi jarka biyu a bakin hanya don sauƙi. Famfon nan da gas ɗin kansa yake samun santsi, kananzir kuma ba shi da wannan maiƙon. Ba zan sake ba.

Sabuwar matata, na cika ta da gas mai tsabta kafin in ɗaura. A samanta akwai wata 'yar roba mai kai uku da zobba biyu, su ne suka bushe suke shan iska. Na canza su. Kumfa ta ɗauke.

Saura daidaita lokacin famfon kansa. Manhajar da nake da ita ta kyauta ce, ba ta shiga wannan sashen, sai na je wurin wani rewaya mai cikakkiya. Sai injin ya haura digiri 85 ake wannan awo, abin da motar nan ba za ta iya ba wata biyu da suka wuce. Hoton ya nuna layi uku, ɗigon motata yana ƙarƙashin na ƙasa, wato fesawa tana makara. Duk wanda ya canza taimin bel na ƙarshe da alamar fenti ya yi aiki. Gyaran a notuna uku ne da ke jikin giyar da bel ke juya famfon da ita: a sassauta, a gusa kaɗan ƙwarai, a ɗaure, a tayar a duba. Babban noti na tsakiya ba a taɓa shi ko kusa. Sau uku muka yi kafin ɗigon ya zauna ɗan sama da layin tsakiya. Rewayan ya ce, "Malam, da ka kai famfon nan an buɗe, da yanzu wani kake nema."

Lahadi, 4 ga Fabrairu

Ranar Alhamis ta mutu mini a ƙofar makarantar yara. Wannan karon na lura da abin da ban lura da shi ba a baya: na buɗe makulli, fitilun batir da na baƙin mai sun kama, ta hita ba ta kama ba ko na daƙiƙa ɗaya. Kwamfutata tana but, na haɗa, injin bai amsa ba. Kwamfutar motar ba ta samun wuta ke nan, shi ya sa ba ta taɓa rubuta lamba ba. Na bugi ƙasan dashbod ta hagu da tafin hannu, na ji ƙas, fitilar ta kama, mota ta tashi.

Rile mai lamba 109 ne, shi ke ba kwamfuta wuta. Na ciro shi jiya, baƙi ne, na asali. Da na ɓare murfinsa na haska da fitilar waya, dalmar ƙafa ɗaya ta tsage zagaye kamar gashi. Mai gyaran rediyo ya sake narka mini ita, na mayar, na kuma ba da saƙon sabo mai ruwan toka. In ya zo, wanda aka gyara zai zauna a aljihun mota.

Yau na je Zariya na dawo, kilomita 310 da zagayen cikin gari. Ruwa 89 zuwa 92 duk tafiyar. Na karanta kwamfuta a ƙofar gida, babu lamba ko ɗaya. Gas ɗin da take sha a sulo miligiram 3.8 ne a rukuni na 001.

Abin da ya rage a takardata: a rukuni na 013, inda kwamfuta ke daidaita silinda huɗu a sulo, ta uku tana neman ƙarin 1.8, iyakar kuma 2.0 ce. Sauran ukun suna kusa da sifili. Ina zargin bakin nozul ɗin ya gaji, kuma shi ne mai sensa a ciki, ya fi sauran tsada. Kafin in taɓa shi zan auna matsin silinda huɗun ta ramin hita, Baba ya ce zai aro gejin ranar Asabar. Taimin bel ma za a canza kafin azumi, da kayan kulle injin na gaskiya wannan karon. Mita tana kan 289,960.